Abin Da Ƙurar Fure Ta Nuna Game Da Gurgusowar Hamada

KOWACE shekara, da zarar damina ta kankama, akan kafa rumfuna a bayan gari a jihohin Arewa, a jera kujeru, a miƙa wa babban baƙo shebur da ɗan tsiro, ya dasa, a yi tafi, kowa ya kama gabansa. Jawabin da akan karanta a wurin kusan bai sake ba tun daga shekarun 1970: wai ƙasar nan a da kurmi ce, talakawa suka cinye ta da gatari, dabbobin makiyaya suka ƙarasa abin da ya rage, shi ya sa hamada ta taso, kuma babu abin da zai tare ta sai jerin itatuwa.

A bisa wannan fahimta ce aka ɗora harsashin shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Da farko nufin shi ne a yi wa nahiyar ɗamarar itatuwa mai faɗin kilomita 15 da tsawon kusan kilomita 8,000, tun daga Senegal har Jibuti. Daga baya aka sake wa shirin fasali, aka ce a farfaɗo da ƙasa hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa aikin hukuma ta musamman a 2015, domin jihohi 11 na bakin hamada. Amma rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa abin da aka gyara a yankunan da aka keɓe wa shirin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Duk da haka, a watan Janairu na 2021 an yi wa shirin alkawarin fiye da dala biliyan 14 a wani taro a Paris, kuma a ƙarshen wannan shekarar Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya rancen dala miliyan 700 domin gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa.

Tun da yake wani sashe na kuɗin nan bashi ne, wanda 'ya'ya da jikoki za su biya, ya kyautu a tsaya a yi tambayar da ba a cika yi ba a gindin rumfa, wato wace irin ƙasa ce ake so a maido, kuma mene ne ya kore ta tun asali. Tunanin dattijo ba ya wuce shekara tamanin. Littattafan awon ruwan sama na ƙasar nan ba su fi shekara ɗari da 'yan kai ba. To, amma akwai wata shaida da ta girmi waɗannan nesa ba kusa ba, tana kwance cikin lakar tafkuna da fadamu, kuma masana sun yi shekaru suna karanta ta.

Bununi Ba Ya Ruɓewa

Babu manomin da bai san bununi ba, wato garin nan mai laushi da ke zuba daga kan gero ko masara lokacin da suke fure, ya manne wa mutum a riga idan ya ratsa gona da safe. Masu noman dabino sun san aikinsa fiye da kowa, domin su da hannu suke ɗauko furen namijin dabino su ɗaura wa macen, in ba haka ba ba za ta yi 'ya'yan kirki ba. Kowane tsiro mai fure yana da irin wannan ƙura, ciyawa ko itace. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, har akan jera goma zuwa ɗari a cikin tsawon milimita ɗaya.

Abu biyu ne suka mai da ita abin amfani ga masu bincike. Na farko, ɓawon ƙwayar yana da taurin da ba a cika samun irinsa ba a cikin halittu masu rai. Idan ta faɗa cikin tafki ta nutse, laka ta rufe ta yadda iska ba ta kai gare ta, takan yi dubban shekaru ba ta sake kama ba. Na biyu, kowane dangin tsiro da irin siffar tasa ƙwayar. Wata mulmulalliya ce mai huda ɗaya, wata mai tsaga uku, wata mai ƙayoyi, ta dangin bagaruwa kuwa a dunƙule take fita, ƙwayoyi da yawa manne da juna. Wanda ya ƙware yakan dube su a madubin nan mai ƙara girman abu ya ce wannan ta ciyawa ce, wannan ta aduwa.

Yadda akan yi aikin shi ne a kafa bututu a tsakiyar tafki a tura shi ƙasa, a zaro laka mai tsawon mita da yawa ba tare da an dagula ta ba. Ta sama ita ce ta bana da bara, ta can ƙasa kuwa ta zamanin da ba a san ko sunan mutanensa ba. Sai a riƙa yankar ɗan kaɗan daga kowane mataki, a wanke da magunguna masu narkar da yashi da ganye su bar ƙwayoyin kaɗai, a zauna a ƙirga ɗaruruwa ɗaya bayan ɗaya. Shekarun kowane mataki kuma akan gano su ta hanyar awon wani nau'in sinadarin gawayi da ke raguwa a hankali cikin duk abin da ya mutu, hanyar da Willard Libby na Amurka ya gano a ƙarshen shekarun 1940. Idan aka jera sakamakon daga ƙasa zuwa sama, sai a ga lokacin da wani itace ya shigo, da lokacin da ya yawaita, da lokacin da ya ɓace. Da yake kowane itace da yawan ruwan da yake bukata, tarihin itatuwa ya zama tarihin damina ke nan.

Wani masanin ƙasa ɗan Suwidin, Lennart von Post, shi ya fara bayyana wannan dabara a 1916 a wani taron masana a birnin da yanzu ake kira Oslo. Ta daɗe tana aiki a Turai kafin ta iso nan. A yankin Tafkin Chadi, Jean Maley na Faransa ya buga babban bincikensa a 1981. A gida kuwa, Farfesa Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ce ta share fagen, ta kuma horar da ɗalibai. Abin lura shi ne kamfanonin man fetur sun riga ma'aikatun gandun daji gane darajar wannan ilmi, domin da irin waɗannan ƙwayoyi na miliyoyin shekaru suke gane shekarun duwatsun da suke haƙa a Neja Delta.

Tilla, Manga Da Yowa

A saman tsaunukan Biu a Jihar Borno akwai Tafkin Tilla, wanda ya taru a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. A ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Frankfurt ta Jamus da Jami'ar Maiduguri, an zaro laka daga cikinsa wadda ta ɗauki tarihin kimanin shekara 17,000. Ulrich Salzmann ne ya ƙirga ƙwayoyin, ya buga sakamakon a 2000 da 2002. Tambayar da ya sa a gaba ita ce daidai wadda jawaban bikin dashe suka riga suka amsa wa kansu: shin dajin da ake gani yanzu ragowar kurmi ne da mutum ya lalata?

Lakar Tilla ba ta goyi bayan haka ba. Ko a lokacin da ruwa ya fi yawa, kimanin shekara 10,000 zuwa 7,000 da suka wuce, ƙurar ciyawa ba ta taɓa yankewa ba, alhali kuwa ciyawa ba ta rayuwa a ƙarƙashin rufaffen kurmi. Abin da ke wurin shi ne daji mai kauri irin wanda yanzu sai an gangara kudu sosai ake samu, mai itatuwa kamar kafafago da namijin kaɗe, da ciyawa a tsakaninsu. Har ila yau an sami ɓurɓushin gawayi a lakar tun daga can ƙasa, wanda ya nuna cewa gobarar daji ta girmi noma a wannan yanki. Daga kimanin shekara 7,000 da suka wuce itatuwan ruwa suka fara ja da baya sannu a hankali, kuma wajen shekara 4,000 da suka wuce fari ya ƙara tsananta, dajin ya ɗauki kama da wanda aka sani a yau.

Labarin ƙasar Manga, a arewacin Jihar Yobe daf da iyakar Nijar, ya fi wannan ban mamaki. Wanda ya san wurin ya san tuddan rairayi ne, da kwaruruka a tsakaninsu inda ake samun goriba da dabino, ake kuma ɗebo kanwa. Salzmann da Martyn Waller na Ingila sun binciki laka daga kwaruruka huɗu, ciki har da Bal da Kajemarum, suka buga a 1998. A matakan ƙasa sun tarar da ƙurar malmo da bambami da kafafago, itatuwan da ba su rayuwa sai a bakin ruwan da ba ya ƙafewa, a kan tudu kuma akwai taura da dangin taramniya. Sama da shekara 3,000 da suka wuce waɗannan suka kau, tsire-tsiren bakin hamada suka maye gurbinsu. Masu binciken sun nemi alama ƙwaƙƙwara da za ta nuna hannun mutum a wannan sauyi, ba su samu ba.

Wannan ya yi daidai da wasu shaidu da ba na fure ba. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. A wancan zamani Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita kusan 350,000, kuma doguwar jigawar nan da ta ratsa Bama da Maiduguri ita ce tsohuwar gaɓarsa.

Can cikin tsakiyar Sahara kuma, a Unianga da ke arewacin Chadi, akwai Tafkin Yowa, wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hana shi ƙafewa duk da cewa kusan ba a ruwan sama a wurin. Binciken da Stefan Kröpelin na Jami'ar Cologne ya jagoranta, wanda aka buga a 2008, ya bi tarihin shekara 6,000 a lakarsa. Ya nuna itatuwan ƙasashe masu damina sun fara raguwa, sannan ciyawa ta bi su, kafin hamada sosai ta kafu kimanin shekara 2,700 da suka wuce. A nan masana suka rabu. Wani bincike na 2000, wanda ya auna ƙurar hamada da ta taru a ƙasan teku daura da Muritaniya, ya ce Sahara ta bushe ne farat ɗaya, cikin 'yan ɗaruruwan shekaru, wajen shekara 5,500 da suka wuce. Lakar Yowa ta ce abin ya ɗauki dubban shekaru. Mai yiwuwa ne kowa ya faɗi gaskiyar wurin da ya duba, domin Sahara ba gona ɗaya ba ce.

Dalilin wannan babban sauyi kuwa an san shi. Duniya a cikin juyawarta tana ɗan layi kamar katantanwar da yara ke murzawa, kuma layin yakan cika zagaye ɗaya a cikin shekara dubu ashirin da 'yan kai. Shekara 10,000 da suka wuce, bazarar arewacin duniya takan zo ne a daidai lokacin da duniya ta fi kusa da rana. Ƙasa takan yi zafi fiye da na yanzu, ta jawo iska mai ɗauke da ruwa daga Tekun Atlantika zuwa can cikin Sahara. Da layin ya juya, damina ta ja da baya zuwa kudu, itatuwa suka bi ta.

Tsohuwar Gardama

Zargin talaka da jawo hamada ba sabon abu ba ne. A 1935 wani malamin ilmin gandun daji daga Edinburgh, E. P. Stebbing, bayan ya zaga Arewa da kudancin Nijar da rani, ya rubuta cewa Sahara na tafe za ta haɗiye ƙasar, ya ba da shawarar a kafa ɗamarar itatuwa. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi iyakar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga alamar hamada na tafiya ba, sai dai ɓarna nan da can. Aka ajiye rahoton, maganar Stebbing kuwa ta ci gaba da yawo.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 suka sake ba ta ƙarfi. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, ya koma ɗan ƙanƙani a tsakiyar shekarun 1980. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da dabbobi suka tsiraita ita ke korar hadari. Amma binciken da ya biyo baya, musamman na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, ya nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna ne babban dalilin waɗannan fare-fare, kuma akwai shaidar cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu a ciki. Hotunan tauraron ɗan Adam na shekarun 1980 su ma sun nuna bakin hamada yakan matso kudu a shekarar fari, ya koma arewa idan an sami damina.

Sai dai bai kamata a ɗora wa ƙurar fure abin da ba ta faɗa ba. Tana da makanta a daidai inda aka fi bukatar ganinta. Bununin gero da dawa kusan ba a iya bambanta shi da na ciyawar daji, saboda haka ana iya yin gona a bakin tafki shekaru aru-aru laka ba ta nuna ba. Itatuwan da ƙwari ko jemagu ke ɗaukar musu ƙura, kamar kaɗanya da ɗorawa, kaɗan suke zubarwa, ga shi kuwa su ne manomi ke bari a gona. Iskar hunturu takan kwaso ƙura daga nesa ta zuba inda tsironta bai taɓa fitowa ba. Har a tsakanin masana akan sami saɓani a kan ma'anar abu ɗaya: Farfesa Sowunmi ta ga yawaitar ƙurar kwakwar manja a lakar Neja Delta kimanin shekara 3,000 da suka wuce ta ce alamar manoma ce masu sassabe, Maley kuwa ya ce fari ne ya buɗe kurmin, kwakwa ta sami haske. Bugu da ƙari, wurare uku ko huɗu ba su isa a yanke hukunci a kan ƙasa tun daga Sakkwato har Borno ba.

Haka kuma babu wanda zai ga motocin itace da buhunan gawayi suna shiga Kano da Kaduna dare da rana ya ce mutum ba ya ɓarna. Yawan jama'a na yau bai taɓa sauka a kan wannan ƙasa ba, kuma abin da damina ta yi cikin shekara dubu, injin yankan katako na iya yin irinsa a dajin ƙauye cikin wata guda. Abin da lakar ta tabbatar shi ne iyakar wane itace zai rayu a ina, ruwa ne ke shata ta, kuma hukuma ba ta da ikon matsar da ita da shebur.

Inda Darasin Ya Shafi Kasafi

Idan haka ne, to, dasa tsiron da aka reno a leda, aka ɗauko a mota, aka kafa a tudun rairayin da ruwansa na shekara bai kai abin da tsiron ke bukata ba, asarar kuɗi ce tun kafin a watse daga biki. Kowa ya san yawancin irin waɗannan tsire-tsire ba su ganin damina ta biyu. An fi son darbejiya da turare domin suna saurin girma, suna kuma kyau a hoto, alhali dukansu baƙi ne, ɗaya daga Indiya ɗaya daga Ostareliya. Itatuwan da ƙasar bakin hamada ta riƙe tun dubban shekaru, wato aduwa da bagaruwa da dakwara da dashi da goriba, su ne suka sha fari iri-iri suka tsira.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun kai ga wannan ba tare da madubi ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka ɗauki abin da suke kira sassaben zamani, wato idan ana sharar gona a bar kututturen da ke tohowa, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a rage sauran, a kiyaye su har su zama itace. Saiwar tana nan a ƙasa tun da can, ta riga ta kai ga ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Wannan ya zarce abin da rahoton 2020 ya lissafa wa yankunan Ganuwar gaba ɗaya. Abin da ya taimaka ƙwarai shi ne sassaucin da aka samu daga ma'aikatan gandun daji, har manomi ya yarda cewa itacen da ya reno a gonarsa nasa ne, ba za a ci shi tara ba idan ya sare reshe.

Akwai kuma gargaɗi a cikin lakar wanda ya shafi gaba. Ta nuna cewa damina a wannan yanki ba ta da tabbas, ta taɓa kaiwa tsakiyar Sahara ta kuma dawo. Yanzu da hayaƙin duniya ke ƙara zafi, ba fari kaɗai ne abin tsoro ba. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga farkon shekarun 1980. Mutanen Maiduguri sun ga abin da wannan ke nufi a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Shirin da aka tsara domin tare rairayi kaɗai ba zai amfani garin da ambaliya ke ci ba.

Yawancin lakar da aka ambata a nan an zaro ta ne a shekarun 1990, da kuɗin jami'o'in Turai, kuma a ɗakunan gwajinsu aka ƙirga ta. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, shiga dazukan Borno da Yobe da kayan bincike ya zama da wuya. Amma akwai tafkuna da fadamu a yammacin Arewa da tsakiyarta, kuma jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri duk suna da sassan ilmin tsirrai da na ƙasa. Abin da aikin ke bukata shi ne bututun haƙa, da madubai masu kyau, da ma'ajiyar ƙurar itatuwan gida wadda za a riƙa gwada ta laka da ita, da kuɗin aika samfuri a auna shekarunsa, da ɗaliban da za su jure zama gaban madubi wata da watanni. A cikin rancen dala miliyan 700, wannan ba zai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ma'aikatun muhalli na jihohi ne ya kamata su nemi a sa shi a kasafi kafin a sake ba da kwangilar renon tsire-tsire.